Arzika Mai Kiyub

In ka ga wani dattijo a Jega ya zo shiga masallaci ko shago, ya tsaya bakin ƙofa ya ɗaga kai yana duban rufi kafin ya yi sallama, to Arzika ne. Yara suna cewa ya taɓu. Bai taɓu ba. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, ni tela ne, kekena kuma a zaure yake yana fuskantar ƙofarsa. Abin da zan faɗa ba a bakin mutane na tsince shi ba.

A Birnin Malam aka haife shi, gidan manoman albasa. Tun bai isa ɗaukar buhu ba mahaifinsa ke tafiya da shi kasuwar Aliero, kuma aikin farko da ya koya a duniya shi ne gyaran bakin buhu: a zuba ƙanana da matsakaita a ciki, a zaɓo manya jajaye masu sheƙi a jera a sama, a ɗinke. Ba wanda ke kiran wannan ha'inci a kasuwar albasa. Mai saye ya sani, mai sayarwa ya san ya sani, a kan haka ake ciniki. Da wannan idon Arzika ya shiga aikin gini, da shi kuma ya zauna a ciki har gemunsa ya yi fari.

Wata shekara albasa ta ruɓe musu a rumbu, sai ya bar gona ya ɗora kwanon sarki a ka, ya zama lebura. Ya auri Gudiya, 'yar garin Mungadi, suka zauna nan Jega. Da a lebura ya tsaya, da yau ba ni da labarin da zan bayar. Amma wani ɗan kwangila ya lura hannunsa na da kyau, ya sa shi yin kiyub.

Ga wanda bai san aikin ba: duk babban ginin da za a zuba wa kankare, ana ɗibar kaɗan daga abin da aka kwaɓa a zuba a wasu ƙananan akwatunan ƙarfe. In ya kama sai ya fito dunƙule mai kusurwa, bai fi kan yaro girma ba. Shi ma'aikata ke kira kiyub. A jiƙa shi a ruwa wajen wata guda, a kai ɗakin gwaji, a sa a inji a matse har ya fashe. In ya yi taurin kai kafin ya fashe, sai a ce ginin lafiya lau. Wato kiyub shi ne mai shaidar gini.

Na Arzika ba su taɓa faɗuwa ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne a wurin masu kiransa. Ba ya ɗiba daga kwaɓin ginin. Nasa daban yake kwaɓawa. Yashin gulbi yake sa a kawo masa, ya wanke ya tankaɗe kamar mai shirin tuwo, ya zaɓi tsakuwa da hannu, ya zuba siminti ba rowa. Ya cika akwati kaɗan-kaɗan yana soka da guntun rodi har iska ta fita sarai, ya shafe fuskar sumul. In ya gama sai ya ɗan danna babban yatsansa a kusurwa ɗaya, don ya san nasa. Su kuma can wurin aiki a zuba wa ginin abin da aka ga dama. Daga Jega zuwa Aliero, daga Maiyama har cikin Kuberi, 'yan kwangila sun san gidansa. Daga baya ma ya daina zuwa wurin aiki. A kawo masa akwatuna da siminti har gida, a dawo a kwashe, shi ko sunan ginin ba ya tambaya. Gudiya ta gaji da mita a kan duron ruwanta da kullum ke cike da duwatsun mutane.

Na taɓa yi masa magana, tun muna da sauran ƙuruciya. Ya yi dariya ya ce bakin buhu ne, masu gwajin ma sun sani. Na ce masa mai sayen albasa in ya isa gida yana zazzage buhunsa ya gani, shi kuwa mai shiga gini wa ya taɓa zazzage masa? Ya ce in ji da ɗinkina, ai har yau bai ga ginin da ya faɗo a kan kowa ba. Haushi ya kama ni, na kwana biyu ban amsa gaisuwarsa ba. Shi ko a jikinsa. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, ba ya fashin jam'i, kuma wallahi a ransa bai ɗauka yana cutar kowa ba. Wannan ya fi komai ba ni takaici.

'Yarsa ta fari ita ce Khairiyya. Ba ya kiran sunanta, Injiniya yake ce mata tun tana rarrafe, don a kan kiyub ta koyi zama, da su take wasan ɗaki. Ta tashi da sanin cewa babanta gwanin kankare ne da ake kawo wa aiki daga nesa. Abin da aka gaya mata shi ne wuraren aiki ba su da ruwa, shi ya sa ake jiƙawa a gidansu. Ta yarda, me zai hana? Sunan wasa ya bi ta. Ta yi karatu har ta zama injiniyar gine-gine ta gaske, ta sami aiki a ɗakin gwajin wata jami'a da ke kusa da mu. Ranar da ta fara aiki Arzika ya sa na ɗinka masa babbar riga, ya tsaya a kaina har na gama. Ita kuma duk inda ta zauna sai ta ce hannun babanta ta gada.

Ɗakin gwajin nan ya tsufa. Rufinsa na yoyo, jemagu sun yi gida a saƙo, injin matse kiyub sai an lallaɓa shi yake tashi. Su kaɗan ne a wurin: shugabansu Dakta Zaharaddeen, wani mai kula da injuna da ake kira Aminullahi, sai Khairiyya da ɗalibai masu zuwa su wuce. Shekaru Dakta ya yi yana bin ofisoshi kafin a amince a gyara. Da aka amince kuwa, ba ƙaramin gyara ba. Za a ɗaga rufi, a tsayar da ginshiƙai, a zuba wani dogon bim na kankare daga bango zuwa bango, a rataya masa ƙugiya da sarƙa ta ɗaga manyan kayan gwaji. Aka fitar da injuna waje aka rufe da tamfol. Tunda nasu injin na waje, kiyub ɗin aikin wani gari za a kai a gwada. Kwangilar kuwa ta faɗa hannun wani Alhaji Gado, tsohon mai kawo wa Arzika aiki.

Alhaji Gado ya zuba bim ɗinsa cikin hutun Sallah, lokacin da ba kowa. A makon ne yaransa suka ajiye akwatuna a ƙofar Arzika, kamar kullum. Ya yi aikinsa, ya danna yatsa, suka dawo suka kwashe. Bai tambaya ba.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki, wata Juma'a, Khairiyya ta zo gaida iyayenta da murna. Ina zauren Arzika muna shan fura. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ce sakamako ya fito, kankarensu ya wuce abin da ake nema. Ta ciro waya ta nuna masa hoton bim ɗin, ta nuna inda teburinta zai zauna a ƙarƙashinsa, don ita za ta riƙa sarrafa ƙugiyar. Sai ta wuce zuwa hoton kiyub ɗin da aka ɗauka kafin a fasa su, a jere a kan benci. Ta ce ya duba kyau, kamar shi ya yi. Ya karɓi wayar ya kawo kusa da ido. Na ga ludayin ya tsaya a hannunsa. A kusurwar kowane ɗaya akwai ɗan lotsawar yatsa.

Ya ce madalla, Allah ya sa albarka. Furar nan bai ƙara taɓa ta ba.

Washegari da safe ya hau mashin ya tafi. Ya tarar bim na nan da katakai sun tokare shi ta ƙasa, ba a cire ba tukuna. Cikin leburorin akwai waɗanda ya sani, ba su ɓoye masa komai ba, a ganinsu ai na gida ne. Yashin gefen hanya aka kwasa, da ƙasarsa da komai, simintin kuwa an nuna wa kwaɓin ne kawai. Ya zagaya bayan ginshiƙi ya sa mabuɗin mashin ya kankara. Ya gaya mini daga baya cewa marmashewa ya yi kamar ƙuli-ƙuli. Nan gaba kaɗan za a cire katakai, a shafe da fulasta, a yi fenti, a rataya ƙugiya, 'yarsa ta ja kujera ta zauna.

Kada ka ɗauka daga nan ya miƙe ya je ya faɗi gaskiya. Duk wata ƙofa sai da ya ƙwanƙwasa kafin wannan. Ya fara zuwa wurin Alhaji Gado ya roƙe shi ya fasa ya sake. Alhaji ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi a hankali wa ya yi kiyub ɗin, kuma in magana ta fita, wa za a fara kamawa. Ya ƙara da cewa gine-gine nawa suka yi tare, ga su nan tsaye. Ita ce maganar da Arzika ya gaya mini shekarun baya, yau aka mayar masa da abarsa. Ya dawo ya sa Gudiya ta lallashi 'yar ta nemi a canja mata wuri, wai aikin ƙarfe da sarƙa ba na mace ba ne. Khairiyya ta ji zafi ƙwarai. Ta ce mutumin da ya kira ta Injiniya tun tana goye, yau shi ne ke faɗin haka? Har sadaka ya yi, ya sa aka yi addu'a, wai ko Allah zai tsare.

Da duk suka ƙi, ya shigo zaurena da hantsi ya zauna a kan tarin yaduka, ya zayyana mini komai. Ya ce in ya faɗa, yarinyar za ta san da me aka yi mata karatu, kuma ba za ta ƙara dubansa da idon da ba. Na tsayar da keke. Na ce masa ya zaɓa, ko ta raina shi tana numfashi, ko ta mutu tana ganin girmansa. Na faɗa da zafi, ban kuma yi nadama ba. Amma da ya tashi zai fita na ga yadda yake laluben takalminsa, sai tausayinsa ya kama ni, na rufe zaure na bi shi.

Mun sami Khairiyya a cikin ɗakin gwajin, kafintoci sun fara kwance katakai ta gefe guda. Tana tsaye daidai tsakiya da hular kwano a kan mayafinta. Arzika bai yi sallama ba. Ya kama hannunta ya jawo ta waje, abin da bai yi ba tun tana ƙarama.

"Baba, lahiya?"

"Khairiyya," ya ce. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. "Kiyub ɗin ga da kin nuna min, ni niy yi su. Gida niy yi su, cikin duron innarki. Ba kankaren wanga bim ba na."

Ta dube shi, ta dubi bim, ta sake dubansa. Yarinya ce mai kaifin kai, ba ta buƙaci a maimaita ba. Na ga lokacin da abin ya wuce bim ya koma baya, har can tsakar gidan da ta yi wasa.

"Waɗanda nika zama bisa ina ƙarama hwa?"

"Su ma."

"Waɗanda anka riƙa kawo muna nan, nika hwasawa in sa hannu?"

Ya kau da kai. Ta cire hannunta daga nasa, ba da fizga ba. Ta juya ta ce wa kafintocin su mayar da duk katakon da suka cire, kowa ya fita. Daga nan ta wuce ofishin Dakta Zaharaddeen, mu kuma muka tsaya a rana kamar waɗanda suka zo roƙo.

Dakta bai yi wasa ba. Ya sa aka huda bim aka ciro ɗanɗano daga cikinsa, aka gwada, bai kai ko rabin abin da ake nema ba. Aka sa guduma aka rushe shi da ginshiƙansa, kuma masu rushewar ba su sha wuya ba. Alhaji Gado ya yi ɓatan dabo. Abin da aka ware wa aikin ya riga ya tafi, sai magana ta koma ofis-ofis. Damina ta sauka a kan ɗaki ba rufi. Tamfol ya yayyage, injuna suka yi tsatsa a waje, ciyawa ta fito a inda za a sa teburin Khairiyya. Aminullahi ya gaji da zaman banza ya nemi aiki a wani gari. Dakta, wanda ya ƙare ƙarfinsa a kan ɗakin nan, na gan shi a kasuwar Jega ya rame har ban gane shi ba da farko.

Ita kuwa Khairiyya, da bakinta ta gaya wa masu bincike cewa akwai sakamakon da ta sa wa hannu a baya wanda ba ta yarda da shi ba yanzu. Ba a kore ta ba, amma an janye ta daga gwaji. Mutane kuma, ka san mu, suka ce ai da saninta, uba na yi 'ya na sa hannu. Wannan ƙarya ce, kuma duk wanda ya faɗa a gabana sai mun yi. Arzika an kira shi an yi masa tambayoyi an sake shi, tsoho ne. Ba ɗan kwangilar da ya sake taka ƙofarsa, har waɗanda ya rufa wa asiri shekara da shekaru suka riƙa kiransa maci amana. Ya koma noman albasa, yana zuwa gonar gado a Birnin Malam. Duron Gudiya ya dawo nata, ban kuma ji ta yi murna ba.

'Yar ba ta yanke zumunci ba. Tana zuwa ran Juma'a, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta wuce ɗakin uwarta. Ba ta zama a zaure, ba ta nuna masa waya. Shi ma ya daina ce mata Injiniya, sunan nata kuma ba ya iya kira, sai ya zama ba ya kiranta da komai. Ya taɓa ce mini da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. A lokacin ne ya fara duban rufi. Da yake bai taɓa tambayar sunan gini ba, mafi yawa bai san ina kiyub ɗinsa suka je ba, don haka kowane gini yana iya zama nasa. Na farko-farko kawai ya sani, lokacin yana zuwa wurin aiki da ƙafarsa.

Daminar da ta wuce Gudiya ta je biki Mungadi, zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita, aka kai ta wani ƙaramin asibiti a ƙasar Maiyama. Na raka Arzika. Tun daga nesa na ga tafiyarsa ta canja, amma na ɗauka damuwa ce. Ɗaki ne dogo mai rufin kankare, gadaje a jere, duk da mutane: mata da jarirai, wani tsoho Bafulatani da ɗansa ke yi wa fifita. An sa wa Gudiya ƙarin ruwa. Ana yayyafi. Khairiyya ta iso bayan azahar, ta duba uwarta, ta gaishe mu. Sai na ga ta ɗaga kai, yadda uban ke yi. Akwai tsaga a rufin daga kusurwa har tsakiya, danshi ya bi ta ya yi baƙi, wani wuri rodi ya leƙo da tsatsarsa.

Ta juyo ta dube shi. Rabon da ta tambaye shi wani abu tun ranar bim.

"Baba, nan hwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Nan ma."

Ta juya ga gadon. Ta cire jakar ruwan daga ƙusa ta miƙa mini, ta tallabi uwarta, muka fito da ita a kan tabarma zuwa gindin dalbejiya. Na rataya jakar a reshe, ta buɗe mayafinta ta kare fuskar Gudiya daga yayyafi. Mutanen ciki suka leƙo ta taga suna kallonmu kamar mahaukata. Arzika ya koma ciki ya gaya wa ma'aikaciyar jinya, ya bi gado-gado yana gaya wa masu jinya. Ma'aikaciyar ta ce ta ji, za ta kai magana gaba, amma yanzu ina yake so ta kai su cikin ruwan nan? Ɗan Bafulatanin ya ce daga nesa suka zo, Allah na nan. Ba wanda ya motsa.

Na jira ya fito, bai fito ba. Da na leƙa sai na gan shi zaune a kan gadon da Gudiya ta bari, daidai ƙarƙashin tsagar, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ruwa ya ƙaru. Na koma gindin itace na ce wa Khairiyya babanta na ciki, ko za ta kira shi, don ni na san ba zai ji tawa ba. Ta dubi ƙofar ta daɗe. Idonta ya cika, na gani. Sannan ta gyara mayafin a kan uwarta, ta ce in duba ko ruwan jakar na tafiya.